Abokina zai rera Attaura daga littafin fata a majami'arsu, ta yaya zan taya shi bita?

Dan_Lugga ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa Ibrananci a cikinku ku zo ku fitar da ni. Akwai abokina da muke haya gida ɗaya a nan inda nake karatu, Bayahude ne, mutumin kirki wlh, zai yi shekara talatin. An ba shi karatu a majami'arsu ran wata Asabar, saura sati biyar, zai hau ya rera wani yanki na Attaura daga naɗaɗɗen littafin nan nasu na fata. Rabonsa da yi tun yana ɗan shekara 13 lokacin bar mitsba ɗinsa, bikin balagar nan tasu, kuma da bakinsa ya ce min ko a lokacin ma haddace muryar malaminsa ya yi kamar aku, bai san me alamomin suke nufi ba.

Da ya ga ina shekara ta biyu a Ibrananci sai ya ce in riƙa riƙe masa littafi kullum da daddare ina bin sa ina gyara. Littafin suna ce masa tikun, kowane shafi an raba shi biyu, gefe guda rubutu da wasulla da alamomin rerawa, ɗaya gefen kuma tsurar baƙaƙe kamar yadda yake a jikin fatar, ba wasali ba ɗigo, ko alamar ƙarshen aya babu. Rabon da aka ba shi littafin Farawa ne, na farko a Attaura, sura ta 29 daga aya ta 1 zuwa ta 17, wurin da Yakubu ya iso bakin rijiya ya haɗu da Rahila.

Toh ga matsalar. In yana kallon gefen mai wasulla zuba kawai yake yi abin sha'awa, muryar ma tubarkalla, amma da na sa takarda na rufe gefen sai kaga mutum ya daskare a aya ta uku, ko kuma ya ɗaga kai sama ya ci gaba daga ka, yatsa yana wani layi baki yana wani layi. Jiya sai da ya tsallake rabin aya ta 10 bai ma san ya yi ba. Ni kuma wasulla na iya amma waɗannan alamomin da suke kira te'amim ba a koya mana su a aji ba sam. Me ya kamata in gyara masa, me zan ƙyale? Wane tsari za mu bi? Kuma sati biyar zai isa kuwa?

Sarkin_Tsokana ya rubuta:

Toh fa, su Dan_Lugga an zama alaramman Yahudawa, Allah ya ƙara basira. Ni tambayata ɗaya ce, tunda suna da wasullan a wani littafin me zai hana su zuba su a na fatar kowa ya huta? Wannan ai neman wahala ne da kuɗinka.

Mai_Kamus ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Bari in fara da Sarkin tsokana tunda tambayarsa ba ta banza ba ce duk da dai da wasa ya yi ta. Littafin fatar ya girmi wasullan nesa ba kusa ba. Ɗigo-ɗigon nan da alamomin rerawa malaman da ake kira Masoret ne suka tsara su daga baya, mafi shahara na garin Tibariya, gidan Ben Asher, kuma kwafin da aka fi ji da shi wato kundin Halab, mai sunan birnin nan na Siriya, wajen shekara ta 930 aka rubuta shi. Su suna ganin karatun da kiɗansa a baki ake gadonsa, rubutun fatar kuma dole ya tsaya yadda aka gaje shi, in ka zuba masa wasulla ya tashi daga littafin da ake karantawa a jam'i. Marubucinsu da ake kira sofer da hannu yake rubuta shi da alƙalami da tawada a fatar dabbar da ta halatta a wurinsu, baƙaƙe 304,805, aikin da kan ci shekara guda ko fiye.

Yanzu kai Dan_Lugga. Ƙanina kuskuren abokinka shi ne ya ɗauki abin a matsayin waƙa, alhali te'amim waƙafi ne tun kafin su zama kiɗa. Aiki uku suke yi, suna nuna inda za a tsaya da inda za a haɗa, suna nuna gaɓar da za a danna a kalma, sannan na uku ne sautin. Shi ya fara daga na uku shi yasa da ka rufe masa shafi ginin yake rushewa.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Satin farko kar ya rera komai, ya ajiye muryar nan mai daɗi a aljihu. Ya karanta aya goma sha bakwai ɗin nan karatu zalla a hankali, yana fassara kowace kalma, har ya zama in ka nuna masa tsurar baƙaƙe ya san me ake faɗa. Wanda ya san ma'ana wasali da kansa yake zuwa masa. Kuma kun yi dace da wuri mai tarko, duba aya ta 10 da ta 11. A ta 10 akwai wayyashk, ya shayar da tumaki, a ta 11 akwai wayyishak, ya sumbaci Rahila, a jikin fatar baƙaƙe huɗu ne iri ɗaya sak, waw yod shin kof. In ya musanya su kaga ma'ana ta juye gaba ɗaya, kuma nan take za a dawo da shi. Sai kalmar Ibrananci ba'a da ta zo sau biyu. A aya ta 6 dannawar a gaɓar ƙarshe take, ma'ana tana tafe, a aya ta 9 kuma a gaɓar farko, ma'ana ta riga ta iso. Rashi, babban mai tafsirinsu da ya rayu a Faransa daga 1040 zuwa 1105, ya tsaya a kan wannan bambancin a sharhinsa. Akwai kuma wurin da aka rubuta hu, wato shi, amma hi, wato ita, ake karantawa, aya ta 9 inda ake cewa ita makiyayiya ce, da aya ta 2 wajen rijiyar, sannan a aya ta 12 rubutu iri ɗaya ya dawo sau biyu amma a can hu ɗin ne da gaske saboda namiji ake nufi. Wanda bai san labarin ba ina zai gane?

Tsallaken da ya yi a aya ta 10 kuwa ba laifinsa ba ne shi kaɗai, kalmomin Laban ahi immo, wato Laban ɗan'uwan mahaifiyarsa, sau uku suka zo a aya guda, ido yana barin na farko sai ya faɗa kan na uku. Maganinsa ɗaya, tsinken nuni a kan kowace kalma, kar baki ya riga hannu.

Sati na biyu sai ku shiga alamomin, kuma kar ka tsorata da yawansu, kai ma a kwana biyu zaka kama manyan. Fara da biyu kawai. Sof fasuk ita ce ƙarshen aya, etnahta kuma mai kama da ƙaramar cokali mai yatsa biyu a ƙarƙashin kalma ita ke raba aya gida biyu. Ka sa shi ya bi gefen da ba wasali ya nuna maka da yatsa inda kowace aya ta ƙare da inda ta rabu, ba tare da ya leƙa ba. Wannan ya fi komai muhimmanci a rabon nasa saboda farashar da yake ciki, wato yankin Attaura da ake karantawa a wannan satin, mai suna Wayyetse, tun daga farkonta har ƙarshe babu fili ko guda da aka bari a rubutun, ba kamar akasarin sauran ba da ake samun sarari tsakanin labari da labari. Katanga ce ta baƙaƙe kawai. Daga nan sai ƙananan, kuma ayari suke tafiya ba ɗaiɗai ba, merha da tifha sukan zo kafin tsayawa, mahfak da fashta da munah da zakef katon tafiyarsu ɗaya. In ya riƙe ayarin sai kaga abin da zai haddace ya ragu da fiye da rabi.

Batun me zaka gyara, ƙa'idar da akasarinsu ke bi ita ce kuskuren da ya canza ma'ana dole a maimaita, baƙi ko wasali ko dannawa, amma in kiɗan ne ya ɗan karkace ma'ana ba ta taɓu ba sai a bar shi ya wuce. Ranar ma mutum biyu ne za su tsaya masa dama da hagu, gabai ake ce musu, suna bin sa da bugaggen littafi. Kai dai a gida ka fi su tsanani.

Ɗaga kai sama ɗin nan kuma ka hana shi tun yanzu. A shari'arsu ba a yarda mai karatu ya faɗi ko kalma ɗaya daga ka ba, sai idonsa yana kan rubutun. Wato hadda ake buƙata amma haddar wasali da sauti kaɗai, baƙaƙen dole a gan su. Wannan ne ya sa abin yake da wuyar sha'ani. Sati biyar ya isa aya 17 har da canji, akwai masu karanta farasha sukutum duk Asabar, wadda ta fi tsawo Naso aya 176 ce.

Uwar_Biyu ta rubuta:

Malam Mai_Kamus Allah ya saka, ka tuna min da wani tsoho da na yi aikin kula da shi a Ingila kusan shekara uku. Ni ban san Ibrananci ba ko baƙi ɗaya, amma abin da ido ya gani zan faɗa. Shi ne mai karatun majami'arsu tun yana saurayi, lokacin da na san shi ƙafa ta ƙi ido ma ya fara rauni amma duk da haka yara masu shirin bar mitsba iyayensu na kawo su gidan da yamma.

Abin da na lura, baya taɓa barin yaro ya fara daga aya ta farko kullum. Yau zai ce fara daga ta ƙarshe, gobe ya dangwala yatsa a tsakiyar shafi ya ce daga nan. Na tambaye shi dalili ya ce yaron da kullum yake farawa daga sama farkon karatunsa zai yi sumul ƙarshen ya zama kango, kuma ranar da ya kakare a tsakiya bai iya tashi daga inda ya faɗi ba sai ya koma gida ya sake fitowa. Sannan a tsaye suke yi, littafin a kan teburin cin abinci yaron ya ɗan sunkuya, ya ba shi cokalin shayi ya riƙe ta baya a madadin ɗan sandan azurfar nan mai siffar hannu da suke nuni da shi, yad, tunda ba a taɓa fatar da hannu. Kuma sai ya tura ni can ƙarshen falo ya ce in na daina ji in ɗaga hannu. Wlh har rediyo yake sa in kunna ƙasa-ƙasa wai a majami'a akwai mai tari akwai jariri mai kuka akwai tsofaffi masu hira, gara ya saba.

Wani abu da ya ba ni dariya farko, yana zaune gefen yaro yana motsa hannu, ya ɗaga, ya lanƙwasa, ya sauke a cinya, ashe alamomin sautin yake nuna masa da hannu in ya manta. Ya ce tsohuwar dabara ce, har yanzu akwai wuraren da wani ke tsayawa gefen mai karatu yana yi masa. Dan_Lugga ko zaku gwada ku ƙirƙiri naku na alama uku ko huɗu don bitar gida.

Kuma ka tuna masa in masu kiyaye Asabar ne sosai daga faɗuwar ranar Juma'a babu waya babu kwamfuta, duk abin da zai saurara ya gama kafin nan, daren ƙarshe shi da takarda ne kawai. Tsohon nan yakan ba yaran labarin wani babban malaminsu na da, Rabbi Akiba, da aka kira shi ya hau karatu ya ƙi, almajiransa suka yi mamaki, ya ce ai bai yi bitar wurin ba tukuna. Da yaro ya fara cewa ai na iya sai ya jawo masa wannan.

Bakon_Dare ya rubuta:

Ni ban yarda da Malam ɗari bisa ɗari ba a batun ajiye murya sati guda cur. Mutumin da kunnensa ne ƙarfinsa in ka raba shi da sauti kwana bakwai gwiwarsa ce zata yi sanyi. A ganina a raba zaman biyu, minti goma sha biyar karatu zalla, sha biyar rerawa, kuma gajeren zama kullum ya fi doguwar tilawa sau ɗaya a sati. Sauraron murya ba laifi ba ne, laifin shi ne a saurara ido a rufe.

Abin da ba wanda ya ambata kuma shi ne muryar wa zai saurara. Alamomin iri ɗaya ne a ko'ina amma kiɗan ya bambanta, Ashkenazawa na gabashin Turai da nasu, na Maroko da nasu, mutanen Halab suna karanta Attaura a kan wani salon sautin Larabawa da ake kira maƙamin siga, na Yaman kuma nasu daban ne kwata-kwata, su a wurinsu wanda aka kira shi ne yake karanta rabonsa da kansa kuma ana bin kowace aya da fassarar Aramiyanci. In ya je YouTube ya kwaso wanda ya fi masa daɗi yana iya zuwa ranar ya rera abin da jama'arsa basu saba ji ba. Kuma ko a gida ɗaya ma sautin Attaura daban, na karatun annabawa da ake yi bayansa daban, na littafin Esta daban, kar ya je ya ɗauko na wani wurin. Ya roƙi mai karatun majami'arsu ya naɗa masa a waya shikenan.

Sannan shawara, suna karatu ran Litinin da Alhamis da safe da kuma Asabar da yamma, mutum uku kawai ake kira maimakon bakwai na safiyar Asabar, jama'a kaɗan ne. In za su ba shi 'yan ayoyi a ɗaya daga cikin waɗannan kafin babbar ranar, tsoron zai ragu sosai.

Mai_Kamus ya rubuta:

Bakon_Dare na karɓi gyara a kan rabin zama, ba a faɗa a nan, ni dai sharaɗina kar rerawar ta riga fahimta a kowace aya. Batun naɗar muryar mai karatunsu kuwa ka yi gaskiya, ya wuce min.

Dan_Lugga ya rubuta:

Jama'a na dawo bayan sati biyu da rabi, na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Mun haɗa shawarwarin, rabi karatu rabi rerawa, a tsaye, da bayan cokali kamar yadda Anti Uwar_Biyu ta ce, har dariya ya yi ya ce kakansa ma haka yake yi. Wayyashk da wayyishak yanzu ko cikin barci aka tashe shi. Ni ma na amfana wlh, etnahta ta gyara min karatuna na aji, jimlolin da da nake ganinsu a dunƙule yanzu ina ganin inda suka rabu.

Amma shekaranjiya ya je majami'ar da yamma aka buɗe masa ainihin littafin ya gwada, ya dawo jiki a sanyaye. Ya ce layukan basu faɗo inda suke a tikun ɗinmu ba, kalmar da ya saba gani a farkon layi ta koma tsakiya, ashe hoton shafin ya haddace bai sani ba. Rubutun kuma tsoho ne tawadar ta ɗan koɗe, baƙaƙen bet da kaf suna masa kama, dalet da resh ma haka, ga ƙananan rawunan nan da ake ɗora wa wasu baƙaƙe suna ɗauke masa ido. Ya ɗauki minti biyu yana neman inda zai fara ma. Yanzu saura kwana goma sha bakwai, me zamu yi?

Mai_Kamus ya rubuta:

Alhamdu lillahi da ya gano yanzu ba ranar ba. Akasarin littattafan da ake rubutawa a zamanin nan tsari ɗaya suke bi, shafi 245 kowanne layi 42, kusan kowane shafi yana farawa da baƙin waw, kuma tikun na kasuwa a kan wannan tsarin aka buga shi. Nasu da alama tsoho ne da bai bi wannan ba. Ya nemi izini wurin gabai ya ɗauki hoton shafin da waya a ranar da ba Asabar ba, ku buga shi a takarda babba, daga yau da shi zaku riƙa bita, tikun ya koma hannunka kai mai gyara. Ya kuma tambaya ya tabbatar wannan littafin ne za a fito da shi ranar, tunda yawanci suna da fiye da ɗaya a ma'ajiyar.

Neman wurin farawa kar ya dame shi, mai karatun da ya gabace shi zai tsaya daidai ƙarshen sura ta 28 kuma za a nuna masa, shi dai ya riƙe kalmominsa uku na farko, wayyissa Ya'akob raglaw, ya san a wane layi suke daga saman shafi. In kuma a hoton kun ga wani baƙi da ya kankare ko ya manne da na kusa da shi, ya nuna wa malaminsu tun yanzu, domin in aka gano a tsakiyar karatu baƙi ya lalace naɗe littafin ake yi a ɗauko wani, shi kuma ya tsinci kansa gaban layukan da bai taɓa gani ba.

Uwar_Biyu ta rubuta:

Ka sa shi ya koma ya gwada a littafin sau biyu kafin ranar in sun yarda, ya tsaya daidai inda zai tsaya da irin hasken wurin. Tsohon nan har tabarau yake sa yara su gwada wanda za su sa ranar, wai akwai wanda ya zo da sabon gilashi layi ya riƙa yi masa rawa. In ya sauko kuma ka ce masa yashar kowah, haka na ji suna gaya wa wanda ya gama.